Disco Dancer mun sani, Rambo mun sani: to ina finafinan Nijar na shekarun 1980?

 Yau maganata da iyayenmu ce da yayyenmu, waɗanda sunka yi samartaka a shekarun 1980. Ku yi mini haƙuri, ɗanku ne ke magana, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Duk inda anka tada hirar fim, a fada ne, ko tashar mota, ko wurin mai shayi, magana guda ce ke fitowa daga bakin manya: "Fim ya ƙare tun zamaninmu. Na yanzu duk rawa ce da waƙa, yaran Kano sun kwaikwayi Indiya sun ɓata muna ɗiya." To, sai ka tambaye su wane fim na zamanin nasu sunka fi so. Nan take a fara jero maka. Disco Dancer na Mithun Chakraborty, 1982. Coolie na Amitabh Bachchan, 1983, wanda ya ji mummunan rauni wurin ɗaukarsa har Indiya duka ta duƙufa yi masa addu'a. Mard, 1985. Nagina, 1986, inda Sridevi ke rikiɗa ta koma macijiya. Mr. India, 1987, da mugun nan Mogambo. Masu son faɗa su ce Rambo, ko Commando, ko Jackie Chan da ƴan uwansa masu tashi sama. Wani dattijon ma har ya miƙe ya gwada maka yadda Jimmy ke taka rawa, da furfurarsa da komi.

Ban ce finafinan nan ba su da daɗi ba. Suna da shi, kuma akwai dalilin da ya sa sunka shiga zuciyar mutanenmu. Jimmy na Disco Dancer ɗan talaka ne da mai kuɗi ya yi wa uwarsa ƙazafin sata. Iƙbal na Coolie ɗan dako ne a tashar jirgin ƙasa. Wanda ya taɓa ɗaukar kaya a kasuwar Maraɗi ko ya tura ruwa a Kano ba ya bukatar jin Indiyanci kafin ya gane abin da ke faruwa. Auren dole, kishiya, uwa mai haƙuri, attajiri azzalumi, duk mun san su a gida.

Amma ku duba jerin nan da kyau. Mutumin da ke zargin yaran Kano da kwaikwayon Indiya, shi ne ya lissafa muna finafinan Indiya biyar ba tare da ya numfasa ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kuma a cikin jerin duka, babu fim ɗin Nijar ko guda. Wanga shi ne abin da ya dame ni. Domin a shekarun nan da kuke kira zamanin fim na ƙwarai, a cikinsu ne fim ɗin ƙasarmu ya kwanta ciwon da har yau bai tashi da ƙarfinsa ba, kuma babu wanda ya je gaishe shi.

Da yawa cikin matasanmu ba su san cewa Nijar ta taɓa zama gaba-gaba a harkar fim a Afirka ba. Mustafa Alasan ya yi fim mai suna Aure tun 1962, shekara biyu kacal bayan samun mulkin kai. A 1966 ya yi Le retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, sunka bi ƙauye suna ta'adi da sunan wayewa. Ku lura, tun wancan lokacin yana faɗa muna abin da kwaikwayon fim ɗin waje ke jawowa. Umaru Ganda, tsohon soja da Faransa ta kai yaƙin Indocin, ya yi Cabascabo, anka nuna shi a bikin Cannes a 1969. A 1972, ranar da bikin FESPACO na Wagadugu ya fara ba da babbar kyautarsa ta dokin Yennenga, Umaru Ganda ne ya ɗauke ta da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Mutum na farko a Afirka duka, ɗan Nijar. Zalika Sule kuwa tana cikin matan farko na wanga yanki da sunka mai da fitowa a fim sana'a, ta sha zagi da tsangwama a kan haka.

Umaru Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981, jim kaɗan bayan fim ɗinsa na ƙarshe, L'Exilé. Ranar farko ta shekara. Duk da haka waɗanda ya bari ba su ajiye kyamara ba. Mustafa Alasan ya yi Kankamba a 1982. Jingarai Maiga ya yi Aube noire a 1983. Mustafa Diop ya yi Le médecin de Gafiré, labarin likitan da ya yi karatun boko ya je ƙauye ya ci karo da mai maganin gargajiya, rigimar da har gobe ana yin ta a garuruwanmu. Mahaman Bakabe ya yi Si les cavaliers, daga wasan kwaikwayon Andre Salifu, a kan shirin da Sarkin Damagaram Amadu ɗan Bassa da mutanensa sunka ƙulla na korar Faransawa a 1906, asirin ya tonu, anka sauke sarki anka fitar da shi daga ƙasarsa. Wane ne a majalisarku ya taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu?

Wanda ya fi ciwo shi ne Sarraounia. Abdullahi Mamani ya buga littafin a 1980, a kan Sarauniya Mangu ta Lugu wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899. Rundunar nan ba labarin nesa ba ce gare mu. Ita ce ta ƙone Birnin Ƙwanni a watan Mayu, ta yo gabas tana kisa da ƙone-ƙone, har ta shigo ƙasar da yau ake kira jihar Maraɗi. A Dankori Voulet ya sa anka harbe Kanar Klobb ranar 14 ga Yuli, kwana biyu zuwa uku bayan nan sojojinsu da kansu sunka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi. Kaburburansu na nan ƙasar Tasawa. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya ɗauki littafin ya mai da shi fim. A Nijar anka shirya ɗaukarsa, amma aikin ya watse, a ƙarshe Burkina Faso ta zamanin Toma Sankara ce ta buɗe masa ƙofa. Fim ya fito a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Labarinmu, kakarmu, ƙasarmu, amma Ai Keita ta Burkina ce ta fito a matsayin Sarauniya, kuma a can anka ɗauke shi. A daidai shekarun nan, samarinmu na haddace adadin mutanen da Rambo ya harbe.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce babu kuɗi. Gaskiya ne, ba na musu. Farashin yuraniyom ya faɗi tun farkon shekarun 1980, baitulmali ya bushe. A 1984 fari ya zo, Najeriya ta canza kuɗinta ta rufe iyaka tun watan Afrilu, ba ta buɗe ba sai 1986. Mu nan bakin iyaka ba sai an karanta muna a littafi ba, iyayenmu sun sa wa yunwar suna El-Buhari. Wanda ke neman tiyar hatsi ba ya tunanin kyamara.

Amma fari bai tsaya a Nijar kaɗai ba. Mali ta sha shi, Burkina ta sha shi, kuma ba su da yuraniyom. Duk da haka Gaston Kabore ya yi Wend Kuuni a 1982, Idrisa Wedraogo ya yi Yaaba a 1989. Sulaiman Sise na Mali ya ci kyautar FESPACO a 1983 da Finye, a 1987 kuma Yeelen ya samu kyautar alƙalai a Cannes. Me ya bambanta mu da su? Burkina, tun tana Haute-Volta, ta karɓe gidajen sinima daga hannun kamfanonin Faransa a 1970, kuma tana cire wani abu daga kuɗin tikiti tana zubawa a asusun yin fim. Wato ɗan kallon da ya biya ya ga Indiya, ba tare da ya sani ba yana taimaka wa fim ɗin ƙasarsa. Talauci iri ɗaya ne, niyya ce ta bambanta.

Abin dariya, abin kuka, a Yamai ne anka zauna anka rubuta maganin ciwon. A watan Maris na 1982 masu shirya fim na Afirka sunka taru a babban birninmu sunka fitar da sanarwar da duniya ta sani da sunan Yamai. Abin da sunka ce a taƙaice: yin fim kaɗai ba ya tsayawa da ƙafarsa sai an haɗa shi da hanyar rarraba shi, da gidajen nuna shi, da kayan aiki, da horar da ma'aikata, kuma kuɗin da sinima ta tara ya koma cikin sinima. Akwai ma kamfanin haɗin gwiwar ƙasashe na rarraba finafinai, CIDC, mai mazauni a Wagadugu, wanda ɗan Nijar Inusa Usaini ya shugabanta. Gwamnatoci ba su riƙe alkawarin da sunka ɗauka ba, kafin shekarun su ƙare kamfanin ya durƙushe. An rubuta takardar magani a gidanmu, ba mu je kanti mun saya ba.

Yanzu bari mu zo kan babban sauyin da ya faru a shekarun nan, wanda ya fi fari da yuraniyom tasiri, wato kaset.

Kafin kaset, yin fim aiki ne mai nauyin gaske. Ana ɗaukar hoto a kan zare mai faɗin milimita 16 ko 35, kuma zaren nan sayo shi ake daga waje. Idan an ɗauka, sai an sa shi a jirgi an kai Turai, galibi Faransa, a wanke shi. Mai fim na iya yin makonni bai ga abin da ya ɗauka ba. Idan hoton ya lalace, ƴan wasa sun watse, damina ta wuce, sai dai haƙuri. Haɗa hoto da murya ma a can ake yi. Kwafi ɗaya tsada gare shi, shi ya sa fim ɗin Nijar kan fito da kwafi ƴan kaɗan, su yi ta yawon bukukuwan Turai, mai gidan sinima na Maraɗi ko Damagaram kuwa ya ci gaba da karɓar tsohon fim ɗin Indiya da ya riga ya mai da kuɗinsa a ƙasashe da yawa, ana ba shi haya da arha. A nan dole a faɗi gaskiya ko da a kan namu ne: da yawa cikin finafinan nan da kuɗin Faransa anka yi su, wasu da Faransanci, kuma ɗan kallon Paris ya riga ɗan kallon Madarunfa ganinsu. Wannan rauni ne, kuma ya taimaka wajen raba su da talaka.

Sai ga bidiyo. Kamfanin JVC na Japan ya fito da kaset na VHS a 1976, a cikin shekarun 1980 ya bazu ko'ina, mu kuma galibi ta hanyar Kano da Katsina yake shigo muna, yadda atamfa da man fetur ke shigowa. Da na'ura biyu da waya ɗaya, mutum na kwafar fim a ɗakinsa. Hoto ya dushe, murya ta shaƙe, ba ruwan kowa. Mai tele ɗaya da bidiyo da ƙaramin gurup ya kafa zana, ya jera benci, ya karɓi ƴan daloli a bakin ƙofa: gidan kallo ke nan. Garin da bai taɓa ganin ginin sinima ba ya samu fim kowane dare. Kuɗin tikitin da anka ce za a tara a yi fim da shi ya bi ta wata hanya, manyan gidajen sinima sunka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Sinima wurin maza ce, kuma a idon jama'a wurin ƴan iska. Matar aure ta mutunci ba ta zuwa. Kaset ne ya kai fim har tsakar gida, iyayenmu mata da yayyenmu sunka zama ƴan kallo, kuma abin da sunka zaɓa shi ne labarin aure da soyayya da zaman kishi. A daidai lokacin ne littattafan soyayya sunka tashi a Kano, irin su Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987. Mai ido ya ga kasuwa ta buɗe.

Mutanen Kano sun gani. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset, ba zare, ba Paris, ba jiran tallafin kowa. Daga nan sana'ar da yau ake kira Kannywood ta taso, ta ciyar da dubban mutane, ta kai Hausa inda ba ta taɓa zuwa ba. Mu fa? Ba ƴan wasa munka rasa ba. Duk wanda ya kalli Tele Sahel a zamanin Kunce ya san Yazi Dogo da abokan wasansa, ya san wasannin kwaikwayo na Damagaram, ya san yadda samariya ke gasar wasan kwaikwayo a bikin matasa na ƙasa. Abin da Samanja da Ƙasimu Yero ke yi a talbijin ɗin Kaduna, muna da masu yin irinsa. Amma namu ya tsaya a gidan tele na gwamnati, masu fim na zare kuma sunka daɗe suna kallon kaset a matsayin abin raini. Attajiran Maraɗi, da Allah ya hore wa dukiyar da ake labari har ƙasashen waje, sun ga riba a sayar da tele da bidiyo, ba su ga riba a abin da za a sa a ciki ba. Kano ta ɗauki kaset ta yi sana'a, mu munka ɗauke shi munka yi kallo.

Saboda haka idan dattijo ya ce yaran Kano sun ɓata tarbiyya da rawar Indiya, ina da tambaya cikin ladabi: Baba, wa ya sayo kaset ɗin farko ya kawo gida? Yaran da sunka girma a gaban tele ana nuna musu Sridevi safe da yamma, me kuke so su yi in sun riƙe kyamara? Finafinan Kano na da laifinsu, akwai na banza da yawa, ni ma ina faɗa a iska. Amma aƙalla da Hausa suke magana, kuma su sunka cike gurbin da munka bari. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ba don mu yi ihu bayan hari na kawo wannan tarihi ba. Na kawo shi ne don abin da ya faru a zamanin kaset yana sake faruwa a gabanmu. Wayar da ke aljihun yaro a Gabi ta fi kyamarar Umaru Ganda sauƙin aiki nesa ba kusa ba. Masu cajin waya na tura fim a memori da ƴan kuɗi kaɗan, kuma mafi yawansa Indiya ce da anka juya zuwa Hausa. Ku ji fa: an iya sa wa Indiyawa Hausa a baki, amma fim ɗin Sarauniya Mangu bai zo muna da Hausa ba. A 2024 anka sauya wa tsohuwar cibiyar al'adu ta Nijar da Faransa da ke Yamai suna zuwa Mustafa Alasan. Akwai cibiyar Umaru Ganda tun da daɗewa. Akwai lambar girma ta ƙasa mai sunan Sarauniya Mangu. A 2025 kuma anka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Madalla da duk wannan. Amma suna a jikin bango ba ya koya wa yaro komi. Ɗan lakwal da ya wuce ta gaban ginin bai san ko Mustafa Alasan minista ne ko ɗan kokawa ba.

Abin da nake nema ba mai tsada ba ne. Cibiyar sinima ta ƙasa da ma'aikatar al'adu su nemo finafinan nan duk inda kwafinsu yake, a Yamai ne ko Wagadugu ko Paris, a daidaita da iyalan masu su a kan haƙƙinsu, a juya su zuwa Hausa da sauran harsunanmu. Masu aikin juya murya na nan, sun ƙware a kan Indiya, a ba su namu. Tele Sahel ta buɗe ma'ajiyarta ta fito da wasannin su Yazi Dogo kafin kaset ɗin su ruɓe, domin kaset ba ya jiran kowa, zafi da ƙura na cin shi. Magabatan ƙananan hukumominmu da daraktocin koleji su ware yini ɗaya a wata, da rana tunda mun san halin tsaron yankinmu da dare, a nuna wa ɗalibai fim ɗin ƙasa. Malamin tarihi da ke fama da allo yana bayanin Voulet da Chanoine, awa biyu na Sarraounia za su yi masa aikin wata guda.

Ku kuma matasa masu ɗaukar barkwanci da waya kuna sawa a TikTok, ban raina ku ba, haka Tumbin Giwa ta fara da abin da ke hannunta. Amma ku ɗaga kai. Sani Magori ɗan Galmi ya yi fim a kan noman albasa ya zagaya duniya da shi. Aisha Maki ta yi fim a kan matasan Damagaram a 2021, an kalle shi a ƙasashe da yawa. Mu nan muna da tafkin Madarunfa da kaburburan waliyyansa, muna da dajin Baban Rafi, muna da tsofaffin da sunka ga El-Buhari da idonsu kuma suna ƙarewa, muna da ƙauyukan da ƴan bindiga sunka tayar da mutanensu. In ba ku ɗauka ba, wani zai zo daga nesa ya ɗauka, ya faɗe shi da harshensa yadda ya ga dama, ya ci kyauta, mu kuma mu ji labari a rediyo.

Iyayena, ku ci gaba da son Disco Dancer, ba wanda ya hana ku. Amma duk wanda a cikinku ya taɓa ganin fim ɗin Umaru Ganda, ko na Jingarai Maiga, ko Si les cavaliers, a sinima ne ko a tele, don Allah ya kira mu a shiri ya faɗa muna inda ya gan shi da abin da ya tuna. Wanda kuma ke da tsohon kaset na wasannin Tele Sahel a ƙasan akwati, kar ya yar, kar ya ba yara su yi wasa da zaren. Ya kawo a kwafe.

Allah ya ji ƙan waɗanda sunka riga mu, ya ba yankinmu zaman lafiya.